Bututun Da Na Yanke Gajere

Kabiru, Hadiza, Sadiya, na san labarin da kuka taso da shi game da shekarar da tukunya ta fashe a kamfanin matse man angurya inda na yi aiki a nan Funtuwa. An gaya muku wani mai hura wuta ne ya sha ya bugu, ya bar ruwa ya ƙafe, bututu ya fashe ya ƙone shi, ubanku kuma ya gano dalili a yini ɗaya, ya sa kamfani ya koma aiki cikin sati. Kai Kabiru har gishiri kake ƙara masa in kana ba abokanka a ƙofar gida, ni kuwa ina gefe ina jan carbi kamar ba da ni ake ba. To, maganar satin gaskiya ce. Sauran ƙarya ce, kuma ni na yi ta, da zarto da kuma bakina. Na cika muku shafuka da labarin gonar kakanku ta Maska da yadda na koyi aiki, duk kewaye-kewaye nake yi don kada in iso nan. Ga shi na iso.

Tukunyar tururi, wadda ma'aikata ke ce wa boila, ba irin ta mahaifiyarku ba ce. Ɗaki ne na bulo, dogo, an jera bututan ƙarfe a cikinsa sahu-sahu, ruwa a cikin bututan, wuta a ƙarƙashinsu. Tururin da ke fitowa shi ke dafa angurya kafin inji ya matse mai, ɓawon anguryar kuma da shi muke hura wutar. Tamu tsohuwa ce, don ko lokacin da aka kawo ta, ta riga ta gama wata rayuwar a wata ƙasa. Aikinmu na rani ne. In auduga ta fara shigowa sai a hura, in damina ta kama a kashe, kowa ya koma gona. Kafin a hura kowace shekara sai na shiga cikinta da rarrafe ta wata 'yar ƙofa, da tocila da alli da 'yar guduma, in bi bututan ɗaya bayan ɗaya ina ƙwanƙwasawa taki-taki, ina saurare. Lafiyayye yana amsawa ras, da ƙara mai tsini. Wanda ƙanzon ruwan rijiya ya cika masa ciki yana amsawa a dushe, wannan kowa ma zai ji. Mai wuyar shi ne wanda tsatsa ta ci ta waje har ya yi siriri. Ƙararsa kusan irin ta lafiyayye ce, sai dai akwai wata 'yar rawa a ƙarshenta, kamar ka buga gwangwanin madara. Duk wanda na ji wannan rawar a jikinsa sai in ja masa alli a canza shi.

Saboda wannan aka sa mini suna Kunne, Isiyaku Kunne. Masu injin shinkafa da na mai daga Malumfashi, Bakori, har Zariya sukan aiko mota a ɗauke ni in je in saurara musu tukwanensu. Ban yi boko mai nisa ba, amma na sha ganin masu digiri sun harɗe hannu sun yi tsit ina ƙwanƙwasa. Ni ne kuma ke jan salla a masallacin ma'aikata, don na ɗan riƙe allo da ƙuruciya. Kaina ya yi girman da hula ba ta zama a kansa. In na faɗi magana a kamfanin nan, ba mai sake dubawa, kuma ina jin daɗin haka fiye da yadda ya kamata.

Mai hura mana wuta sunansa Nomau, Bamaguje ne daga wani ƙauye bayan Malumfashi. Da damina manomi ne, da rani yana wurina, rani goma sha shida muka yi tare. Ƙato ne marar yawan magana. Akwai wani gilashi a jikin tukunya da ke nuna tsayin ruwa, wanda dole a riƙe shi a rabi, kuma ban taɓa ganin mai wuta da ke yawan ɗaga kai ya dube shi kamar Nomau ba. Yana shan burkutu ranar bukinsu na bayan kaka, bai taɓa ɓoyewa ba, amma bai taɓa zuwa mini aiki da ita a cikinsa ba ko sau ɗaya. Babban ɗansa Tanko yana dakon buhu a kamfanin, magidanci da matarsa. Ya musulunta a hannuna, ni na koya masa alwala, ni na zaɓa masa suna Abdullahi. Nomau bai ɗaure mini fuska a kan haka ba. Nakan tsokane shi in an kira azahar.

“Sarkin wuta, ɗanka ya riga ka. Yaushe za ka biyo ni?”

“Malam, in na biyo ka wa zai duba maka ruwa?”

Wasa ne, amma gaskiya ce. Duk azahar da la'asar ɗin da na ja a kamfanin nan cikin kwanciyar hankali, na ja ta ne don Nomau yana tsaye gaban tukunya shi kaɗai. In azumi ya faɗo cikin zafi, shi ke karɓar shebur ɗin abokin aikinsa ya ce ya je ya kwanta a inuwa.

Mahaifiyarku ce ta fara gane kunnena ya soma tafiya, a shekarar da aka yaye Sadiya. Shekara da shekaru cikin ƙugin inji ba wasa ba ne. Na hagu ne ya fara, na dama ya biyo shi a hankali, kuma ƙananan ƙararraki ne suka fara ɓacewa, kukan tsuntsu, ƙarar cokali a kofi. A madadinsu sai wata tsuwa kamar ta gyare ta tare mini a ka, ba dare ba rana. Wata safiya ina sauraren labarai ta ajiye mini koko ta tsaya.

“Malam, rediyon nan fa har gidan Alhaji Mamman ana jin sa.”

“To su gode mini, na hutar da su sayen batir.”

“Ba wasa nake ba. Sau uku na yi maka sallama. Ka je a duba kunnen nan.”

“Kunnen da ake aiko mota daga Zariya dominsa? Ki kula da tukunyarki, in kula da tawa.”

Ta ɗauki tirenta ta fita. A daminar shekarar kuma manaja, Alhaji ne mai sauƙin kai, ya kira ni ya ce ya ji akwai wani a Kaduna da ke da na'urar da ake ɗorawa a jikin ƙarfe ta faɗi kaurinsa, ko za mu kira shi ya taya ni, tunda tukunyar ta tsufa. Da ina da hankali da na ce alhamdulillahi, Allah ya kawo mini mafita ba tare da kowa ya sani ba. Sai na sha mur. Na ce in na'ura yake so, ya ba ta makullin ɗakin tukunya ni in koma Maska in yi noma. Ya ba ni haƙuri har da dafa kafaɗa, aka bar maganar.

Da kaka ta yi na shiga dubawa kamar kullum. Tun da na haska tocila na ga kwanon rufi ya yi yoyo ta kusurwar baya, ruwan damina ya jiƙa tokar da ba a kwashe da kyau ba, ta daskare a jikin bututan sahun ƙasa. Jiƙaƙƙiyar toka kuwa cin ƙarfe take yi, na sani sarai. Na ɗaga guduma na buga na farko. Na buga na biyu, na goma. Duk murya ɗaya, kamar ina dukan katangar laka. Na juya kunnen dama, na kusanto har kumatuna na taɓa ƙarfe, ba abin da na ji sai gyaren nan. A waje Nomau da masu walda suna zaune suna jira in fito in faɗa musu, kamar yadda suka saba.

Abin da na yi shi ne wannan. Na san dubawa takan ɗauke ni awa biyu. Sai na sami bulo na zauna, na riƙa miƙa hannu ina buga duk bututun da ya fi kusa, in yi shiru kamar ina saurare, in sake bugawa, don na waje su ji ana aiki. Awa biyu cur na yi ina wannan wasan. Na ja wa guda uku alli, waɗanda ko makaho ya shafa zai san sun lalace. Na fito ina kaɗe toka.

“Yaya, Malam?” in ji Nomau.

“Uku ne. A canza su a hura.”

“Kusurwar baya fa? Na ga ta sha ruwa bana.”

“Na saurare ta. Lafiya lau take.”

In Kunne ya ce lafiya, magana ta ƙare.

Sati na uku da hurawa, da hantsi, ina ɗakin gyara ina wasa wani ƙarfe. Mutane sun ce ƙarar fashewar ta kai har bakin titi, ni kuwa a tafin ƙafa na ji ta, sannan na ga ana gudu. Nomau ya buɗe ƙofar wuta ke nan zai zuba ɓawo bututu ya tsage, tururi da garwashi suka yo waje ta ƙofar suka same shi. Rabin fuskarsa na dama, wuyansa, ƙirjinsa, hannunsa, duk sun saɓule. Ko a haka sai da ya ja jiki ya rufe hanyar iska kafin ya faɗi. Aka shimfiɗa buhuna a motar angurya aka ɗora shi. Ina riƙe da ƙafafunsa ya yi mini alama in matso, na sa kunnen dama daidai bakinsa.

“Malam, ruwa na rabin gilashi. Yanzu na duba.”

Na ce masa ya yi shiru, Allah zai ba shi lafiya.

Washegari da tukunya ta huce na shiga ni kaɗai. Bututu na sha huɗu ne a sahun ƙasa, a kusurwar baya, daidai inda yoyon ya zuba. Fasasshen bututu yana faɗin abin da ya kashe shi ga wanda ya iya dubawa, kuma wannan aikin ido ne, idona kuwa garau yake. Wanda ruwa ya ƙafe masa yakan yi ja da zafi, ya kumbura, ya tsage da baki siriri kamar wuƙa, maƙwabtansa na sama kuma su lanƙwashe. Wanda tsatsa ta ci shi ma bakinsa siriri ne, a nan suka yi kama. Bambancin yana nesa da bakin: bai kumbura ba, kuma sirantar tana bin sa gaba da baya, jikinsa duk ramuka kamar tabon ƙyanda. Na duba sama, ko ɗaya bai lanƙwashe ba. Na matsa taki biyu daga tsagar na ɗan buga da guduma, sai kan gudumar ya shige ciki. Da na buga nan sati uku da suka wuce da ƙarfin da ya kamata, ko kurma ne ni da na gani da ido. Amma lokacin ina zaune kan bulo a ɗaya kusurwar.

An ce injiniyan gwamnati mai duba irin wannan haɗari zai zo washegari, kuma zai nemi guntun wurin da ya fashe. Ƙa'idar aikinmu ita ce a yanko kamu guda ta kowane gefe na tsagar, don mai dubawa ya ga jikin bututun, ba bakin kaɗai ba. Ni na koya wa mutane wannan ƙa'idar. Na ɗauki zarto na auna yatsa huɗu ta nan, yatsa huɗu ta can, na yanke. Abin da ya fito bai fi tafin hannu ba, baki ne kawai siriri. Sauran bututun na sa masu walda suka zare shi a ranar, na ce don a rage aiki, aka jefa shi ƙarƙashin tarin ƙarafa. Ba zan ce muku shaiɗan ne ko ruɗewa ba. A nitse na auna yatsun nan huɗu, har sau biyu.

Aka zauna a ofishin manaja, mu huɗu: shi, ni, shugaban ma'aikata, da injiniyan. Matashi ne cikin farar shadda, yana da wasu wurare biyu da zai je a ranar, kuma ya ji labarina tun kafin ya zo. Amma ba wawa ba ne. Ya juya guntun a hannunsa ya daɗe yana kallo.

“Baba, me ya sa ya yi gajere haka?”

“Wurin ya matse, zarto ba ya shiga.”

“Bakin dai na rashin ruwa ne. Sai dai ban ga ya kumbura sosai ba.”

“Tsohon ƙarfe ba ya jiran kumburi. Sati uku ke nan da na saurari wannan bututun da kunnena.”

Ya gyaɗa kai, ya ce ai ni ne babba. Manaja ne ya ƙi sakin maganar da wuri, Allah ya ji ƙansa. Ya ce shi abin ya ɗaure masa kai, don Nomau ba ya wasa da ruwa, shekara goma sha shida ba a taɓa kawo masa ƙararsa ba. Sai shugaban ma'aikata ya gyara zama ya yi ƙasa da murya.

“Alhaji, ai kwanakin nan ne Maguzawa ke bukinsu. Ka san abin nasu.”

Duk suka juyo suna kallona, don ni na fi kowa sanin mutumin. Na san bukin ya wuce da kwana goma, don Nomau da kansa ya kawo mini sabuwar dawa daga can. Na san a safiyar nan mun tsaya kafaɗa da kafaɗa, kunnena ne ya mutu, hancina bai mutu ba. Kalma ɗaya ta ishe ni in kashe maganar burkutun ko da na bar ta ruwan. Sai na sunkuyar da kai irin na malamai na ce:

“Allah Shi ne masani.”

Shi ke nan. Injiniya ya rubuta. Ku duba da kyau ku ga abin da na yi: ban ce ya sha ba, na ari sunan Allah ne na shafa wa bawansa kashin kaji. Da Musulmi ne a gaban wutar nan da ba wanda zai kawo zancen giya, da an ci gaba da bincike har an zo kaina. Na san za a yarda da sauri saboda Bamaguje ne, kuma da wannan na dogara. A duk abin da na aikata a rayuwata, ba abin da ke sa in ji kunyar ɗaga hannu a salla kamar waɗannan kalmomi huɗu.

Kwana biyu bayan haka Abdullahi ya tare ni a bakin masallaci. Ya durƙusa ya gaishe ni, idanunsa jajur, yana kwana asibiti wurin uban.

“Baba, abin da ake faɗa gaskiya ne? Shi yana cewa ƙarya ne.”

“Abdullahi, ni dai abin da bututu ya nuna na faɗa. Ka yi haƙuri, ka kula da shi.”

Ya daɗe a durƙushe kafin ya tashi. Muka shiga na ja salla, yana sahun farko.

An sallami Nomau daga aiki tun yana kwance. Ya yi wata biyu a asibiti, ya fito da yatsun dama a manne da juna, wuyansa ba ya juyawa sosai. Masu injuna a yankin nan duk sun san juna, ba wanda ya sake ɗaukarsa ko gadi. Kamfaninmu kuma bai ƙara sa Bamaguje gaban wuta ba har aka rufe shi. Ni kuwa kafin a sake hurawa na je na sami manaja na ce na yi tunani, tunda hankalin ma'aikata ya tashi, a kira mai na'urar nan don kowa ya natsu. Ya zo ya gano guda tara a kusurwar baya da suka yi siriri. Aka canza su, aka yi ta yabona, wai dattijo mai hangen nesa da ba ya girman kai. Daga nan kowace shekara na'ura ke yin aikin, ni ina biye da guduma ina gyaɗa kai.

Ban je duba shi ba. Sau ɗaya na kai ƙofar ɗakin da yake kwance, na ce wa kaina barci yake, na juya. Mahaifiyarku ce ta dama kunu ta ɗauki maƙwabciyarta suka je. Da ta dawo ta zo ta tsaya gabana daidai, inda zan ga bakinta.

“Ya ce a gaishe ka. Ya ce in ka sami hali ka zo, akwai abin da zai tambaye ka.”

“Aiki ya yi yawa.”

“Malam, shekara nawa muna cin dawar mutumin nan?”

Daga ranar ba ta sake yi mini maganar rediyo ko asibiti ba. Sai dai in za ta yi magana ta zagayo ta gabana, ta faɗa a hankali, ta koya muku ku ma ku riƙa yin haka ba tare da ta gaya muku dalili ba. Ban san iyakar abin da ta gane ba. Ta rasu ban gaya mata ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Shekara goma sha tara na yi da abin a cikina. Kamfani ya rufe, aka yanka tukunyar aka sayar wa masu gwangwan, manaja ya rasu, ma'aikata suka watse. Bayan rasuwar mahaifiyarku, da Hadiza ta saya mini 'yar na'urar nan ta kunne na fara jin kukan tsuntsu kuma, sai na kasa zama. Wata Laraba na ce muku zan je gaisuwa, na hau mota zuwa Malumfashi, na ɗauki ɗan acaɓa zuwa ƙauyensu. Na same shi a gindin ɗorawa yana ɓarar gyaɗa da hannun hagu, ya danne ƙwaryar da na dama. Ya gane ni tun daga nesa. Ya sa aka kawo tabarma da ruwa a sabon kofi. Na faɗa masa duka, tun daga bulon da na zauna a kai har yatsa huɗu, har abin da na ce a ofis. Bai daina ɓarar gyaɗar ba sai da na gama.

“Malam, ni ka zo gaya wa?”

“Kai na zalunta.”

“Ni ai na san ruwa na rabin gilashi. Na san ban sha ba. Abin da ban sani ba kawai shi ne kunnenka, shi na so in tambaye ka a asibiti. To, yau na ji.”

“Ka yafe mini, Nomau.”

“Hannu ya riga ya tafi, aiki ma ko ba komai da yanzu na bari. Waɗannan ba na bin ka. Amma Tanko fa? Shekara uku yana Musulmi yana zuwa yana taya ni noma, muna ci a akushi ɗaya, sallarsa ba ta raba mu ba. Tun wancan ranin bai sake zama a gidan nan ba. Yana aiko hatsi, yana aiko magani, amma 'ya'yansa ban san fuskarsu ba. Ya gaya wa uwarsa ba zai kawo su wurin wanda giya ta sa ya kusa kashe mutane ba. Kai zai ji. Ka je ka gaya masa, sannan ka dawo mu yi maganar yafiya.”

Na yi masa alkawari da bakina cewa kafin Juma'a zan je.

Kun san rumfar Abdullahi a layin 'yan hatsi, a wurinsa kuke sayen masara. Daga ƙofar gidanmu zuwa can ko da sandata bai fi tafiyar minti goma ba. Na je kafin Juma'a kamar yadda na ce. Yana hango ni ya miƙe, ya kaɗe kujerarsa ya ajiye mini, ya ce wa maƙwabtansa ga wanda ya sa shi a hanya. Ya auna mini wake ya hana ni taɓa aljihu. Na buɗe baki sai na ji ina tambayarsa farashin gero. Na koma sati na gaba, haka. Na ce bari azumi ya wuce, na ce bari ya dawo daga ɗaurin auren ɗiyarsa, na ce ba a faɗin irin wannan a kasuwa, amma gidansa ma ban je ba. A wancan karon ina iya cewa tsoron rasa aiki ne da bakin yara uku. A wannan karon ba ni da aiki, ba ni da abin rasawa sai kujerar nan da yadda yake miƙewa in ya gan ni. Wata bakwai na yi a haka. Cikin damina, ana tsakiyar noman biyu, aka ce Nomau ya kwanta kwana uku ya rasu.

Sati biyu bayan haka na je rumfar bayan la'asar. Ya miƙe ya ba ni kujera, na yi masa gaisuwa, ya amsa a taƙaice. Na ce ya zauna akwai magana. Ya zauna kan buhu. Wannan karon na fara da ƙarshe, don kada bakina ya sake zamewa: na ce mahaifinka bai sha komai ba ranar nan, ruwa yana rabin gilashi, ni ne ban duba bututun ba. Sannan na faɗi sauran. Yana riƙe da mudu, yana shafe bakinsa da hannu alhali ba komai a ciki. Sai ya ce:

“Ranar da aka sallame shi daga asibiti ya kama ni da hannun nan nasa, ko warkewa bai gama ba. Ya rantse mini da duk abin da ya sani. Na zare hannuna. Na ce masa, Baba, Malam Isiyaku ne fa, mai ja mana salla.”

Na kasa kallonsa.

“Shi ya san wannan maganar kafin ya rasu?”

“Na je na gaya masa. Shi ya aiko ni wurinka.”

“Yaushe?”

Na so in rage. Wallahi sai da harshena ya ɗauko wata biyu. Na ce masa wata bakwai.

Ya dubi kujerar da nake kai, ya dube ni. Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba. Ya ajiye mudun, ya laluba aljihu ya ciro makullin babur.

“Ban ma san inda suka sa shi ba,” ya ce. “Na je na yi gaisuwa a tsaye na juyo.”

Bai rufe rumfar ba, bai ce wa kowa ya duba masa ba. Ya tayar da babur ya nufi hanyar Malumfashi, hadari na haɗuwa ta gabas. Ni kuwa na zauna nan kan kujerarsa ina tsare masa masara har aka kira magariba, bai dawo ba.